Abin da ya kamata ku sani game da Ha'alilio, jakadan da ya hana a haɗiye masarautar Hawai

Yawancin mutane sun san Hawai a matsayin jiha ta 50 ta ƙasar Amurka, inda masu yawon buɗe ido ke tururuwa. Sai dai kafin ta zama haka, ƙasa ce mai cin gashin kanta, da sarkinta da tutarta da dokokinta. A shekarun 1840 saura ƙiris manyan ƙasashe su haɗiye ta, kuma cikin waɗanda suka tsaya har hakan bai yiwu ba akwai wani ɗan ƙasar mai suna Timoteo Ha'alilio. Ga bayanin yadda lamarin ya kasance.

Ina ne Hawai, kuma me ya sa ake kwaɗayinta?

Hawai tarin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, manya daga ciki guda takwas. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ta kowane ɓangare. Sarki Kamehameha na ɗaya ne ya haɗe su ƙarƙashin sarauta guda a 1810. Tsakanin Hawai da gaɓar yammacin Amurka akwai tafiyar sama da kilomita 3,000 a kan ruwa.

Kuna iya tambaya, me babbar ƙasa za ta yi da 'yan tsibirai masu nisa haka? Amsar tana ga wurin da suke. A wancan zamanin jiragen ruwa ne ke ɗauke da kasuwancin duniya, kuma duk jirgin da zai ratsa Fasifik yana buƙatar zangon da zai sha ruwa, ya yi guzuri, a gyara shi. Hawai ce wannan zango. Wanda ya riƙe ta ya riƙe hanya.

Mene ne haɗiye ƙasa, kuma mene ne amincewa da 'yancinta?

Haɗiye ƙasa shi ne wata ƙasa mai ƙarfi ta mayar da wata wani yanki nata, ta sauke tutarta, ta ɗora mata nata dokokin. A ƙarni na 19 Turawa suna ganin duk ƙasar da ba su san da zamanta a hukumance ba, halal ce ga wanda ya riga kai hannu.

Maganin wannan shi ne amincewa da 'yanci, wato manyan ƙasashe su bayyana a rubuce cewa ƙasa kaza tana da gwamnatinta, kuma ba ta ƙarƙashin kowa. Idan aka samu wannan takarda, duk wanda ya taɓa ƙasar ya karya alkawarin da ya ɗauka a gaban takwarorinsa. Neman irin wannan ta hanyar magana da rubutu, ba da bindiga ba, shi ake kira diflomasiyya, kuma wanda sarki ko gwamnati ta aika ya yi magana da yawunta shi ne jakada.

Me ya tsorata sarkin Hawai?

Sarki Kamehameha na uku ya ga abin da ke faruwa kewaye da shi. A 1839 wani kyaftin ɗin jirgin yaƙin Faransa mai suna Laplace ya zo garin Honolulu na Hawai, ya yi barazanar buɗe wuta, har sai da aka ba shi dala 20,000 jingina. A 1840 Birtaniya ta ɗora hannu a kan New Zealand. A 1842 Faransa ta kama tsibiran Marquesas, ta kuma sa Tahiti ƙarƙashin ikonta. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sarkin ba shi da rundunar da za ta tari jirgin yaƙi ko ɗaya, saboda haka ya zaɓi ya aika jakadu.

Wane ne Ha'alilio?

Ɗan gidan sarauta ne da aka haifa a wajajen 1808. Tun yana yaro aka kai shi fada ya zama abokin wasan yariman da daga baya ya zama Kamehameha na uku, da suka girma kuma ya zama magatakardan sarkin. Ya iya karatu da rubutu, yana jin Turanci, kuma sarki ya yarda da shi ƙwarai.

A watan Afrilun 1842 sarki ya naɗa mutum uku. Akwai Ha'alilio, akwai William Richards, Ba'amurke tsohon mai wa'azin addinin Kirista da ya koma mai ba sarki shawara, sai Sir George Simpson, babban jami'in wani kamfanin kasuwanci na Birtaniya. A cikinsu Ha'alilio kaɗai ne ɗan asalin ƙasar. Wannan yana da muhimmanci, domin ganinsa a fadojin Turai shi kansa hujja ce cewa 'yan Hawai suna da mutanen da za su riƙe ƙasarsu.

Yaya tafiyar ta kasance?

Ha'alilio da Richards sun tashi a watan Yulin 1842. Babu mashigin Panama a lokacin, don haka suka sauka a gaɓar yammacin Meksiko, suka ƙetare ƙasar ta tudu, sannan suka sake shiga jirgi. Sai a watan Disamba suka isa Washington.

A can suka gana da sakataren harkokin wajen Amurka, Daniel Webster. Kafin watan ya ƙare, Shugaba John Tyler ya aika wa majalisa saƙo cewa Amurka ba za ta ji daɗin ganin wata ƙasa ta mamaye Hawai ba. Wannan bai kai cikakkiyar amincewa ba, amma ya ba jakadun abin nunawa a Turai.

Ha'alilio ya sha wulaƙanci a Amurka saboda launin fatarsa. A wani jirgin fasinja an ɗauke shi baran Richards ne, aka hana shi cin abinci tare da fararen fata, duk da an yi bayanin cewa jakadan sarki ne. Bai bar hakan ya karkatar da shi daga abin da ya kawo shi ba.

A farkon 1843 suka isa Landan suka haɗu da Simpson. Dabararsu ita ce su nuna wa kowace ƙasa cewa idan ta yi shiru, kishiyarta ce za ta kwashe. Suka je Beljiyam, inda Sarki Leopold na ɗaya ya sa musu baki a wurin Faransa. Suka samu alkawari daga ministan harkokin wajen Faransa, Guizot, a watan Maris, sannan daga takwaransa na Birtaniya, Lord Aberdeen, a farkon Afrilu.

Me ya faru a gida suna can?

Abin da ake gudu ya riga ya auku ba su sani ba, domin labari kan yi watanni a hanya. Wakilin Birtaniya a Honolulu, Richard Charlton, ya daɗe yana rigima da hukumomin Hawai a kan wani fili. A kan ƙorafinsa ne wani kyaftin ɗin sojan ruwan Birtaniya, Lord George Paulet, ya zo da jirgin yaƙi ya matsa wa sarki. Ranar 25 ga Fabrairun 1843 aka sauke tutar Hawai aka ɗaga ta Birtaniya. Sarkin ya miƙa mulki ne na wucin gadi, da sharaɗin sai gwamnatin Landan ta duba maganar.

Paulet ya yi wata biyar yana mulki. Daga nan babbansa, Admiral Richard Thomas, ya iso ya mayar wa sarki ƙasarsa ranar 31 ga Yulin 1843. A Landan ma gwamnati ba ta goyi bayan mamayar ba, kuma jakadun sarki suna nan tsaye da alkawarin da aka yi musu.

Me suka samo, kuma me suka rasa?

Ranar 28 ga Nuwamban 1843, a Landan, Birtaniya da Faransa suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Sun amince Hawai ƙasa ce mai 'yanci, sun kuma yi alkawarin ba za su taɓa mallakar ko da wani yanki nata ba. Amurka ba ta sa hannu a wannan takarda ba, amma a watan Yulin 1844 ta tabbatar da tata amincewar a rubuce.

Ha'alilio ya biya da ransa. Fiye da shekara biyu na tafiya da sanyin da bai saba da shi ba sun karya masa lafiya. Ya rasu a cikin jirgi ranar 3 ga Disamban 1844, yana kan hanyar komawa gida, yana da shekara kusan 36. Gawarsa ce ta isa Honolulu a 1845.

To, idan an yi nasara, yaya Hawai ta koma ta Amurka?

Takardar ta yi aiki na tsawon shekara hamsin. Ko a 1849 da sojojin Faransa suka kai hari Honolulu suka yi ɓarna, sun tafi ba su ƙwace ƙasar ba. Hawai ta ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashe da dama, ta buɗe ofisoshin jakadanci a sassan duniya.

Matsalar daga cikin gida ta ɓullo. Cututtukan da baƙi suka shigo da su sun rage yawan 'yan ƙasa ƙwarai, yayin da filaye da gonakin rake suka taru a hannun attajirai fararen fata. A 1887 suka tilasta wa Sarki Kalakaua sa hannu a kan tsarin mulkin da ya rage masa iko. Ranar 17 ga Janairun 1893 suka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani, bayan jakadan Amurka ya sa an sauke sojojin ruwa a Honolulu. A 1897 'yan Hawai sama da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da haɗewa. Duk da haka Amurka ta haɗe tsibiran a 1898, suka zama jiha a 1959. A 1993 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin neman afuwa a kan rawar da jami'anta suka taka.

Me ya kamata ku riƙe?

Ƙaramar ƙasa marar runduna tana iya kare kanta da ilimi da iya magana da sanin inda bukatun manya suka saɓa, kuma Ha'alilio ya nuna hakan. Amma amincewar ƙasashen waje ba ta isa ita kaɗai ba idan filaye da dukiya suka fita daga hannun masu ƙasa. Har yau 'yan asalin Hawai suna bikin 28 ga Nuwamba a matsayin ranar 'yancinsu, suna kuma tunawa da jakadan da ya samo ta.