Gargaɗi ga Jama'ar Abatuwa: Gindin Tsofaffin Itatuwan Jos Yana Mutuwa

Jama'ar Abatuwa, mahauta, masu tsire da balangu, iyayenmu mata masu sayar da itace da gawayi, don Allah ku tsaya ku saurara. Yaushe rabonku da ganin naman kaza a bayan gida da damina? Yaushe rabon da yaro ya shigo da shi cike da kwano daga gindin suri? Ku tuna da kyau. Mai nemansa a yau sai ya yi nisa da gari. Wannan alama ce, kuma ba ta alheri ba.

Abin da muke tsinka muna miya da shi, da ɗan'uwansa laimar kwaɗi, kai ne kawai ya leƙo. Gangar jikin tana cikin ƙasa. Wanda yake shakka ya je gandun namun daji na Jos da ke hanyar Miango, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Ya shiga ƙarƙashin itatuwan fayin, masu ganye siriri kamar allura. A watan Agusta ya sa yatsa ya ɗaga ruɓaɓɓen ganyen da ya zuba. Zai ga fararen zarurruka kamar yanar gizo-gizo, da danshi, da ƙamshin ƙasa. Zaren nan yana naɗe saiwar itace. Yana jawo mata ruwa da abinci daga inda ba ta kaiwa, ita kuma tana ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Fayin ba ya yin ƙarfi in babu shi. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da sanin haka, domin a wurare da dama a Afirka dashen fayin ya ƙi kamawa sai da aka ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin itatuwa aka zuba wa ƙananan.

To, in an sare tsohon itacen, zaren zai ci me? In an ƙone ƙasar, ina zai ɓuya?

Ku dubi abin da ya samu wasu. A Turai da Amurka akwai wani irin naman kaza da masana ke kira Ramariya, mai rassa-rassa kamar murjanin ƙarƙashin teku. Wasu nau'o'insa ba sa fitowa sai a dajin da dangin fayin suka tsufa tukuf. An sare dajin, an dasa sabbin itatuwa a jere, an jira, bai dawo ba. A watan Maris na 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa ta tantance nau'o'i 1,300 na dangin naman kaza gaba ɗaya, kuma 411 daga ciki suna cikin haɗarin ƙarewa. Su can suna da masu bi suna ƙirgawa. Namu fa? Sai mu wayi gari babu, ba mu ma san sunan abin da muka rasa ba.

Alamun suna gabanmu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa suka koma murhu. Ku dubi lodin itacen da ake saukewa don babbaka da gashi. Ɗanye nawa ne a ciki? Kututturen da hannu biyu ba sa zagayewa nawa ne? Shekara nawa ya yi kafin ya kai haka? Ku dubi buhunan baƙar ƙasa da ake kankarowa daga gindin itatuwa ana sayar wa masu fure da lambu. Ran dajin ne ake kwashewa a buhu. Ku dubi wutar daji da hunturu, wadda samari ke cinnawa don gafiya ɗaya ko biyu. Ganyen fayin yana da ƙaro, yana kama wuta kamar an zuba masa fetur. Ku dubi yadda gini yake matsar daji kowace shekara.

Na san babu mai sare itace don wasa. Tukunya ce take jira. Amma ƙasar Filato ta riga ta sha wuya tun zamanin haƙar kuza, ga ramukan nan da kududdufai ko'ina suna shaida. Ƙasar da babu saiwa, babu zaren da ke riƙe ta, ruwa ɗaya ya ishe ta. Ina ruwan zai nufa in tudu ya zama fako? Kwari zai gangaro, inda gidajenmu suke. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, da rayukan da ta ci. Muna so mu ƙara wa ruwa gudu?

Kada wani ya ce a bari sai baɗi. Itacen da aka dasa yau, jikoki ne za su ga tsufansa.

Mahauta da masu gashi, ku riƙa tambayar inda itacenku ya fito. Ku ƙi ɗanyen kututture. Ku ƙi fayin, ko da an karya muku farashi. Sarkin Pawa da shugabannin kasuwa, ku zauna ku tsayar da magana ɗaya a kan wannan. Iyaye, ku hana yara fita da ashana farauta. Masu lambu, ga taki nan jibge a mayanka, kashin shanu da tumbi, ku ɗauka ku bar ƙasar daji a inda take. Mai tsinkar naman kaza, tsinki kan, kada ka tone gindin, ka bar wasu su tsufa su zubar da iri. Wanda ba ka sani ba kuma kada ka kai shi baki, domin akwai masu kisa a cikinsu. Ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da na Jami'ar Jos, ku fita da damina ku ɗauki hoto, ku rubuta abin da ya rage da inda yake. Limamai da fastoci, ku faɗa ranar Juma'a da Lahadi.

Wanda ya ga hayaƙi ya tashi a daji, ko ya ji kukan injin yanka itace da dare, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji a take. Kada ya jira gari ya waye.