Tafintan da ke ɓoye cikin waya, da tsadar ƙara masa sauri

Duk wanda ya riƙe wayar Android shekaru goma da suka wuce zai tuna lamarin: da zarar an sabunta ta, sai ta tsaya cik tana ƙirga manhajoji ɗaya bayan ɗaya, jikinta ya yi zafi, batir na zuba. Aikin tafinta ne take yi a lokacin. Masu rubuta manhaja suna amfani da harshen da ɗan Adam ke iya karantawa, na'ura kuwa sifiri da ɗaya kaɗai take ji. Manhajar da ke fassara tsakaninsu ita ake kira kompaila. Daga Android 7 ta shekarar 2016, kamfanin Google ya ɗage yawancin wannan aiki zuwa lokacin da waya ke ajiye a caji.

Fassarar kanta ba ita ke cin kuɗi ba. Gyaranta ne: cire lissafin da aka maimaita, zubar da layukan da ba su da aiki, sake jera umarni domin na'ura ta gama da wuri ba tare da ta sha wuta da yawa ba. Tun farko a nan wahalar take. Lokacin da John Backus da tawagarsa a kamfanin IBM suka fito da Fortran a 1957, bayan kimanin shekaru uku na aiki, babbar fargabarsu ita ce ƙwararru su ƙi karɓarta idan abin da ta fassara bai kai wanda suke rubutawa da hannu sauri ba. Frances Allen, ita ma ta IBM, a wannan fanni ta shafe rayuwar aikinta, har ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Turing a 2006.

Sai dai ribar tana zuwa a hankali. A 1998 wani masani, Todd Proebsting, ya yi ƙiyasi mai kama da raha: gyaran kompaila na ninka ƙarfin kwamfuta sau ɗaya a shekara 18, alhali ƙwaƙwalwar na'ura na yin haka cikin wata 18. Kamfanin da ke biyan injiniyoyi masu tsada don ƴar wannan riba dole ya nemi inda zai fanshe.

Intel, wanda ƙwaƙwalwar kwamfuta ce hajarsa, ya samu tasa hanyar. Wani mai bincike ɗan ƙasar Denmark, Agner Fog, ya nuna cewa manhajar da aka fassara da kompailar Intel takan duba sunan kamfanin da ya ƙera na'urar. In ba Intel ba ne, sai ta bi hanya mai jinkiri, ko da na'urar, misali ta AMD, za ta iya bin mai sauri. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta shigar da ƙara a watan Disamba na 2009, kuma wannan batu na cikin ƙorafinta. An sasanta a watan Agusta na 2010, inda aka wajabta wa Intel ya riƙa bayyana wa masu saye wannan bambanci.

Daga baya nauyin riƙe kompaila shi kaɗai ya fi ƙarfin kusan kowane kamfani. A 2021 Intel ya sanar cewa ya ɗora tasa a kan LLVM, tushe na kyauta da aka faro a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, wanda Apple da AMD da Arm su ma ke gini a kansa. Abokan gasa kenan a gona guda, kowa sai ya ƙara nasa sirrin a sama.

A saman ne kuma aka sake samun matsala. A watan Fabrairu na 2024 ƙungiyar SPEC, wadda kamfanoni ke dogara da ma'auninta wajen tallata saurin na'urorinsu, ta sanya gargaɗi a kan sakamako fiye da 2,600. Dalilinta shi ne wani gyara a kompailar Intel an yi shi ne da sanin abin da ke cikin gwajin, tamkar ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun kafin ranar. Makin ya tashi, amma saurin bai shafi yawancin ayyukan da masu sayen na'urorin ke yi da su ba.