Me Ya Sa Ƙ, Ɗ da Ɓ Ke Komawa Akwatuna a Takardunmu?

Duk mai shagon buga takardu a bakin jami'a ya saba da wannan kuka. Ɗalibi ya gama kundinsa, ya zuba a filash, ya kawo a buga masa. Ana buɗewa sai a tarar shafuka sun ƙaru, jadawali ya tsallaka wani shafin, wuraren da ya rubuta ƙ da ɗ kuma duk ƙananan akwatuna ne. Nan da nan sai a ɗora wa bairos laifi. Alhali rubutun na nan lafiya lau. Salon haruffan da aka yi aikin da shi, wanda masu sana'ar ke kira fon, shi ne babu a kwamfutar shagon.

Yawanci takardar Word ba ta tafiya da fon ɗinta, sunansa kawai take ɗauke da shi. Kamar takardar likita ce: sunan magani ne a jiki, in mai kemis ba shi da shi sai ya miƙo makamancinsa. Haka Word ke yi, ya zaɓi wani fon ba tare da ya tambaye ka ba. Da yake faɗin haruffa ya bambanta daga fon zuwa fon, sai layuka su goce, shafuka su rikice. Abin ya ƙaru tun 2023, lokacin da Microsoft ta fara maye gurbin Calibri, wanda aka saba da shi tun Office 2007, da sabon fon mai suna Aptos. Yawancin tsofaffin kwamfutocin shagunanmu ba su san shi ba.

Mai rubuta Hausa kuwa nauyinsa biyu ne. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya bai wa kowane harafi lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar 01B4. Amma ba kowane mai zana fon ne ya zana waɗannan haruffa ba. In aka zo kan lambar da ba ta da zane, kuma ba a sami inda za a aro ba, akwati ne zai fito. Harafin bai ɓata ba, da zarar an sauya fon zai bayyana.

Akwai kuma tsofaffin takardu. A shekarun 1990 kwamfutocin da suka shigo Najeriya ba su da haruffa masu ƙugiya, har sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro fon na Hausa, aikin da ya share wa marubuta hawaye. Dabarar da aka fi bi a wancan zamani ita ce a ɗora zanen ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Shi ya sa in fon ɗin ya ɓace, sai ka ga baƙuwar alama a tsakiyar kalma. Irin wannan, sauya fon ba ya warkar da shi. Sai an bi kowace alama da Find and Replace an mayar da ita harafin Unicode na gaskiya.

To, mene ne abin yi? Da farko a gano fon ɗin da babu. A Word, a shiga File, sannan Options, sannan Advanced, a danna Font Substitution, zai lissafa su. In ana da fayil ɗin fon ɗin, a danna shi da maɓallin dama a zaɓi Install, a rufe Word a sake buɗewa. Mai amfani da LibreOffice ya nemi Carlito a madadin Calibri, da Liberation Serif a madadin Times New Roman, domin an auna faɗinsu daidai da juna.

Rigakafin ya fi sauƙi. Tun daga farko a zaɓi fon mai haruffanmu, kamar Charis ko Andika na SIL, ko Noto na Google, duk kyauta ne. Kafin a adana a Word, a shiga Options, sannan Save, a kunna Embed fonts in the file, sai dai wasu fon ɗin lasisinsu ya hana hakan. In bugawa kawai za a yi, a mayar da takardar PDF. Wanda madanninsa ba su da ƙ, ya rubuta 0199 a Word ya danna Alt da X tare.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a gaji a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, a bar mai karatu yana laluben ko baki ake nufi ko baƙi. Makarantu, gidajen jaridu da shagunan buga takardu su saka waɗannan fon na kyauta a kwamfutocinsu, su koya wa yaran shago amfani da su. Aikin minti kaɗan ne, kuma ba ya cin ko kwabo.