Gida a Jingina: Abin da Mai Gida da Ɗan Haya Za Su Yi Kafin Ranar Gwanjo

Wani ɗan kasuwa da na sani a Kantin Kwari ya ajiye wasiƙun banki guda uku a cikin leda, ya cusa ƙarƙashin dilar atamfa, wata biyar bai nuna wa kowa ba. Ya ci bashi ne ya ƙaro jari, ya ba da takardar gidansa na Fagge jingina, sai ambaliyar watan Agustan 2022 ta shiga kasuwa ta jiƙa kaya. Matarsa ba ta san komai ba sai ranar da wasu mutum biyu suka yi sallama da tsakar rana, ɗaya riƙe da tef yana auna tsawon katanga. Ta kira shi a waya ta ce, "Alhaji, su waye waɗannan da ke auna mana gida?" A shagunan da ke jikin gidan akwai tela da mai kemis da mai sayar da katin waya, kowannensu ya biya hayar shekara. Su ma a ranar suka ji.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a Fagge da Sabon Gari. Nan ne cibiyar cinikin Kano: Kwari, Singa, Wapa, da kasuwar Abubakar Rimi wadda gobarar watan Maris na 2016 ta cinye mata dubban shaguna. Ɗan kasuwa a nan ba shi da wata kadara da banki zai yarda da ita sai gida, gidan kuwa da wuya ka same shi babu 'yan haya. Tun da aka yanka filayen Sabon Gari wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, unguwar ta haya ce: ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, iyali goma ko fiye. Idan gida ɗaya ya shiga gwanjo a can, mutum hamsin ne ke neman wurin kwana. Saboda haka nake so mu bi maganar daki-daki, domin doka ta shimfiɗa matakai, kuma a kowane mataki akwai abin da talaka zai iya yi.

Da fari sai mutum ya san wace irin jingina ya yi, don ba duka ne ɗaya ba. Akwai wadda aka rubuta cikakkiyar yarjejeniya, aka sa hannu, aka nemi amincewar Gwamna, aka yi rajista a ma'aikatar ƙasa. Mai bin bashi a irin wannan, idan wa'adi ya cika ba a biya ba, yana da ikon sayar da gidan ba tare da ya je kotu ba, muddin ya cika sharuɗɗa. Akwai kuma wadda kawai aka miƙa takardar gida aka karɓi kuɗi, wataƙila da 'yar rubutacciyar shaida. Wannan ita ta fi yawa tsakanin ƙananan 'yan kasuwa da masu ba da bashi na cikin unguwa, kuma a bisa ƙa'ida mai riƙe da takardar ba ya sayar da gida sai ya samo umarnin kotu. Mutane da yawa sun fita daga gidajensu don kawai an ɗaga musu murya an ce "takardarka na hannuna", alhali riƙe takarda bai mai da kowa mai gida ba.

Zancen amincewar Gwamna ya samo asali ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ce ba a jinginar da filin da ke da shaidar mallaka ta gwamnati sai da izininsa. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda babu wannan izini. To amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin ƙofar gudu. Bashin yana nan ko da jinginar ta rushe, kuma alƙalai ba sa sakin fuska ga wanda ya karɓi kuɗi ya ci, sannan ya dawo yana fakewa da izinin da shi ne ya kamata ya nemo. Amfanin sanin wannan shi ne lauya ya ga inda aka yi kuskure, ya samu abin riƙewa a teburin sulhu.

Sai maganar sanarwa. Jihohin Arewa sun gaji wata tsohuwar dokar Ingila ta 1881 a kan jingina. A ƙarƙashinta, mai bin bashi ba ya sayarwa sai ya rubuto yana neman kuɗinsa an yi wata 3 ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 a makare, ko an saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Bankuna sun san wannan sarai, don haka sukan rubuta a cikin yarjejeniya cewa an rage wa'adin ko an cire shi. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya ci bashi ya nemi kofen abin da ya sa wa hannu. Haƙƙinsa ne. Haka kuma ya nemi cikakken lissafin asusunsa tun daga ranar da aka ba shi kuɗin: nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ne tara. Sau da yawa a nan ake gano an ɗora caji fiye da abin da aka yi alkawari. Idan ya kai ƙorafi banki a rubuce ba a saurare shi ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa da ke karɓar irin wannan kuka, ba a biyan ko kwabo.

A nan ne lokaci yake da tsada, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asara. Kafin a sayar, mai gida yana da damar fansar gidansa ko da wa'adi ya wuce, idan ya kawo abin da ake bin sa. Yana iya neman a sake tsara masa biya. Yana iya neman a bar shi ya samo mai saye da kansa a farashin kasuwa, ya biya bashi ya riƙe ragowar, wanda sau tari ya fi gwanjo alheri nesa ba kusa ba. Yana iya zuwa kotu neman a dakatar da ciniki, ko da yake kotu takan ce ya fara ajiye kuɗin da ake da'awa a hannunta. Amma da zarar an buga gwanjo, wani ya saya da zuciya ɗaya bai san da wata matsala ba, warware cinikin yana da wuyar gaske. Abin da ya rage galibi shi ne neman diyya. Duk da haka doka ba ta sake wa mai sayarwa linzami ba. Dole a yi shelar gwanjon a bainar jama'a tukuna, mai bin bashi ba zai sayar wa kansa ba, kuma idan aka karyar da gida a farashin da kowa ya san na haɗin baki ne, kotu na iya shiga. Abu ɗaya da kusan ba wanda ke tambaya: idan kuɗin gida ya fi bashin da ɗawainiyar ciniki, ragowar ta mai gida ce. A je a karɓa.

Musulmi zai ga cewa shari'a ta riga ta faɗi mafi yawan wannan. Jingina halal ce, an ambace ta a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, aya ta 280 kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, sharaɗin cewa "in ba ka biya ran kaza ba gida ya zama nawa" ɓatacce ne. Imam Malik ya keɓe wa wannan babi a Muwaɗɗa. Abin da ake yi shi ne a sayar a biya mai bashi haƙƙinsa, a mayar wa mai kaya saura. Na faɗi haka ne saboda masu ba da bashin unguwa da ke rubuta irin wannan sharaɗi su kira shi ciniki.

Akwai wata masifa da ta fi damuna, ita ce ta gidan gado. Uba ya rasu, ba a raba ba, takarda tana hannun babban wa, shi kuma ya kai ta jingina ba da sanin kowa ba. Ranar da abu ya fashe, gwauruwa mai tumuni da 'yan mata da ƙananan marayu su ne a titi. Su sani cewa mutum ba ya jinginar da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Magada suna da ikon zuwa kotu su ce ba da yawunsu aka yi ba, amma sai sun yi hanzari, da shaidar rasuwa da shaidun da suka san asalin gidan, irin su mai unguwa da dattawan layi. Rabon gado aikin kotun shari'ar Musulunci ne, rigimar mallakar fili mai shaidar Gwamna kuwa ta Babbar Kotun Jiha ce. Kai ƙara inda ba hurumi yakan cinye shekara a banza, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin neman lauya tun da wuri.

Yanzu ga ɗan haya, wanda bai ci nanin ba amma nanin ke shirin cin sa. Sayar da gida ba ya nufin a watso maka kaya waje. Ko tsohon mai gida, ko banki, ko sabon mai saye, babu wanda doka ta ba ikon ɓalle ƙofa, ko cire rufi, ko yanke wuta da ruwa, ko turo 'yan daba. Kotun Ƙoli ta tsawatar a kan ɗaukar doka a hannu tun 1986, a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu, inda gwamnati ce da kanta ta fitar da mutum da ƙarfi alhali magana na gaban kotu. In gwamnati ba ta da wannan iko, dillali ba shi da shi. Hanyar da aka sani ita ce notis: idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata a ba shi wata 1, mai biyan shekara a ba shi wata 6, bayan nan a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a kai shi kotu. Alƙali ne zai ce ya tashi, ma'aikatan kotu ne za su zartar. 'Yan sanda ba aikinsu ba ne tayar da ɗan haya.

Makamin ɗan haya rasit ne. Na ga wata mai sayar da abinci a Sabon Gari da ta tara rasit na shekara tara a cikin gwangwanin madara, kowanne da kwanan wata. Ita kaɗai ce a gidan ba a iya yi wa gardamar hayar da ta biya ba. Wanda ya biya ta banki ya adana saƙon. Idan hayarka ta riga jinginar, matsayinka ya fi ƙarfi, domin wanda ya saya ya sayi gida da kai a ciki. Idan kuma mutum biyu suka zo kowa na cewa shi za a biya, kada ka ba kowa sai ka ga takarda, kada kuma ka kashe kuɗin. Nemi shawara a kan yadda za a ajiye su a kotu. A Amurka sai da rikicin gidaje na 2008 ya jefa ɗimbin iyalai waje kafin a yi dokar 2009 da ta ba 'yan hayar gidan da aka ƙwace aƙalla kwana 90. Mu namu wa'adin yana rubuce tun tuni, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

To ina za a je in babu kuɗin lauya? Akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, Legal Aid Council, da aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano. Dokarta ta 2011 ta faɗaɗa aikinta har zuwa shawara da shari'un da ba na laifi ba, kuma an yi ta ne musamman don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 tun daga 2024. Gaskiya lauyoyinta kaɗan ne, shari'un waɗanda ke tsare a gidan yari sun cinye yawancin ƙarfinsu, kuma ina ganin lokaci ya yi da gwamnatin jiha za ta ware lauyoyi na musamman don rigingimun gida da haya. Amma ko zama ɗaya lauya ya karanta maka takardunka ya gaya maka inda ka tsaya, ya fi wata biyar na zullumi. Akwai zauren sasanci na Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009, inda ake zaunar da mai bashi da wanda ake bi a nemi mafita ba tare da doguwar shari'a ba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya reshen Kano tana da masu aikin sa kai, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa zawarawa da marayu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar kukan wanda aka fitar da ƙarfi. Hisbah da masu unguwanni suna sulhu, sulhun kuma yana da kyau, sai dai duk abin da aka cimma a rubuta a sa hannu.

Sammaci kuma idan ya zo, a je. Ƙin zuwa kotu ba ya tsayar da shari'a, sai dai a yanke hukunci a bayan idonka. Alhajin da na fara da labarinsa ya samu lauya saura kwana kaɗan a yi gwanjo, aka zauna da bankin, ya sayar da wani fili nasa ya rage bashin, aka sake masa tsarin biya. Tela da mai kemis suna nan a shagunansu. Da ya fito da ledar nan tun wasiƙar farko, da bai rasa filin ba.

Ɗan'uwa, in akwai irin wannan wasiƙa a ƙarƙashin dilarka ko cikin aljihun babbar riga, fito da ita yau. Haɗa ta da kofen yarjejeniya da duk rasit ɗin da kake da shi, ka gaya wa iyalinka da 'yan hayarka halin da ake ciki, gobe da safe ka kai wa lauya ya karanta.