Sunan Tamar da Itacen Dabino

Hausawa sun ce suna linzami ne. Shi ya sa iyaye sukan zo wurin fasto kafin ranar suna su tambaya ko wani suna ya dace. Ɗaya daga cikin sunayen da ake shakkarsu shi ne Tamar, domin matan da suka amsa shi a Littafi Mai Tsarki sun sha wuya. Ya kamata mu san ma'anarsa kafin mu ba da shawara.

A Ibrananci, tamar shi ne itacen dabino. A Larabci ma busasshen dabino tamr ake ce masa. Dabino yakan tsaya miƙe sambal, yana jure zafin hamada muddin saiwarsa ta sami ruwa, yana kuma yin 'ya'ya shekaru masu yawa. Isra'ilawa sun yada zango a Elim inda akwai maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70 (Fitowa 15:27). Ana kiran Yariko birnin dabino. Debora tana yin shari'a a gindin dabino (Mahukunta 4:5), Sulemanu ya sa aka sassaƙa siffarsa a bangon Haikali (1 Sarakuna 6:29), Zabura 92 kuma ta kwatanta adali da shi. Saboda haka uban da ya raɗa wa 'yarsa Tamar yana yi mata fatan kyan tsayi, da zuriya, da gaskiya.

Mata 3 ne suka amsa sunan. Ta fari surukar Yahuza ce (Farawa 38). Mazanta biyu, Er da Onan, suka mutu ba ta haihu ba. Yahuza ya yi alkawarin ba ta autansa Shela bisa ga al'ada, amma ya hana. Ta yi dabara ta sami ciki da Yahuza kansa, ta riƙe hatiminsa da sandansa jingina. Da ya ba da umarni a ƙone ta, sai ta fito da kayan, shi kuwa ya yarda cewa ta fi shi gaskiya. Ta haifi Feresa da Zera, kuma ita ce mace ta farko da Matiyu ya ambata a asalin Yesu Almasihu (Matiyu 1:3).

Ta biyu 'yar Sarki Dawuda ce (2 Sama'ila 13). Amnon, wanda suke uba ɗaya, ya yi mata fyaɗe, ya kore ta. Dawuda ya husata ƙwarai amma bai hukunta shi ba. Absalom ya ce mata ta yi shiru, ta zauna a gidansa cikin baƙin ciki. Bayan shekara 2 Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan Dawuda ya shiga rikici. Ta uku 'yar Absalom ce, wadda aka yaba kyanta (2 Sama'ila 14:27). Ga alama sunan gwaggonta ta ci.

Idan muka lura, ba sunan ne ya jawo wa matan nan masifa ba. Mazan gidajensu ne suka tauye musu hakki: suruki ya karya alkawari, ɗan'uwa ya ci amana, uba ya kame baki. Masu noman dabino a Dutse da Agadas sun san akwai namiji akwai mace, kuma macen ba ta yin 'ya'yan kirki sai an kai mata furen namiji, an kuma kula da ruwanta. Itacen yana da ƙarfi, amma yana bukatar mai lambu mai aminci.

Don haka in iyaye suka tambaye mu, mu gaya musu cewa Tamar suna ne mai kyau, babu la'ana a cikinsa, kuma babu sunan da yake laya. A ranar suna mu bayyana ma'anarsa, mu yi wa yarinyar addu'a, sa'an nan mu juya ga uba da kawunai da 'yan'uwa maza mu tuna musu amanar da ke wuyansu. Kada kuma mu riƙa tsallake 2 Sama'ila 13 a wa'azi. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai 'yan mata da aka zalunta aka ce su yi shiru don rufin asirin gida. In irinsu ta zo wurinmu, mu saurare ta, mu kai ta asibiti, mu kuma tsaya mata har maganar ta kai gaban hukuma.