Ƙaramar kwamfuta mai sauƙin kuɗi: abin dubawa kafin ka zaro jikkunanka

Duk wanda ya taɓa cika takardar neman aiki a kan wayar salula ya san wahalar abin. Rubutu ƙanana, yatsa na zamewa, ga takardun shaida da za a haɗa a aika ta imel kafin a rufe karɓa. Shi ya sa ɗalibai a Yamai, Maradi da Damagaram, da malaman makaranta da ƙananan ƴan kasuwa, suke ta neman kwamfutar tafi-da-gidanka ƴar ƙarama wadda ba za ta cinye aljihu ba. Bukatarsu kaɗan ce: a shiga intanet, a karanta saƙo a mayar da amsa, a buga wasiƙa ko kundin kammala karatu. To amma kuɗin da za a saya da shi galibi an daɗe ana tara shi, wani ma sai da aka sayar da tunkiya ko aka jira kwasar adashi. Idan aka yi kuskuren zaɓe, ba a cika samun damar sayen ta biyu ba.

Sabuwa mai araha ko ta hannu mai ƙarfi?

Wannan ce tambayar farko da za ka ci karo da ita a shago. A gefe guda ga sababbi a kwali, sirara, marasa nauyi, masu allo inci 11 zuwa 14. A ɗaya gefen ga na hannu, waɗanda kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su, suka biyo ta Dubai, Kwatano, Legas ko Kano har suka iso kasuwanninmu.

Ƙananan masu arahar nan ba yau aka fara su ba. A 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC mai allo inci 7, duniya ta yi ta rububinta, daga baya mutane suka gaji da nawarta. Har yanzu matsalar irinsu ɗaya ce: da yawa an manne musu RAM da ma'ajiya a jikin allon inji, ba a iya ƙarawa. Yadda ka saye ta, haka za ka zauna da ita. Su kuwa na ofis irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook, jikinsu ya fi ƙwari, masu gyara sun san su, kuma ana samun batirinsu da madannansu a kasuwa. Sai dai sun ga jiya, don haka sai an bincika da kyau.

Abubuwa uku da ke cikin ciki

Na farko RAM, wato wurin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa. Zai yi aiki, amma da ka buɗe shafuka biyar ko shida a Chrome za ka ji ta fara numfashi sama-sama. Idan da hali, nemi giga 8.

Na biyu ma'ajiya. Akwai tsohon faifai mai juyawa da ake kira HDD, yana da nawa kuma ba ya son faɗuwa ko girgizar babur. Akwai eMMC da ake sa wa sababbi masu araha; idan ka ga giga 32, bar ta kawai, domin Windows kaɗai zai kusan cike ta. Sai SSD, wanda shi ne ya fi. SSD mai giga 128 ya fi HDD mai giga 500 amfani ga mai aikin imel da intanet, domin kwamfuta za ta tashi cikin daƙiƙoƙi.

Na uku ƙwaƙwalwar injin. A nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Mai shago zai nuna maka tambarin Core i7 ya ce ai babba ce. Kada tambari ya ruɗe ka, duba lambar da ke biye. A i7-2620M, lambar 2 ta farko na nufin zubi na biyu, na shekarar 2011. A i5-8250U kuwa zubi na takwas ne, na 2017, kuma ya fi wancan sauri da tattalin batir nesa ba kusa ba. Wannan na da muhimmanci yanzu saboda Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma a hukumance Windows 11 na bukatar zubi na takwas zuwa sama. Tsohuwar da ba ta kai ba ba ta zama shara ba: ana iya sa mata Linux Mint, kyauta ne, yana buɗe intanet da imel lafiya lau, ga LibreOffice na buga takardu. Amma ya kamata farashinta ya sauka daidai da shekarunta.

Batir, zafi da ƙura

A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura maki 40, batir shi ne rabin kwamfuta. Kada ka yarda da "tana yin awa huɗu" ta fatar baki. A Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. Idan ya koma rabi, ka san akwai kuɗin sabon batir a gabanka, sai a rage a ciniki.

Idan ka samu mai caji ta kafar USB-C, ka yi dace, domin babban fawabank mai ƙarfin wat 45 ko 65 zai iya tayar da ita ran da babu wuta. Ka kuma kula da caja. Ta jabu na kashe batir, kuma wadda ta fito daga Najeriya sau da yawa tana zuwa da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, sai ka nemi mahaɗi.

Sannan ka saurari fanka. Idan tana ƙugi, ko ƙasan kwamfutar ya yi zafi cikin minti goma, ƙura ta toshe ta. Da hunturu abin ya fi tsanani. Kada a ɗora ta a kan katifa ko bargo, a nema mata tebur ko faranti.

Madannai: AZERTY ko QWERTY?

Wanda ya yi lakwal da Faransanci ya saba da AZERTY, inda é, è da ç suke a fili. Yawancin na hannun da ke biyowa ta Najeriya ko daga Amurka QWERTY ne. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai dace da abin da ke fita a allo ba, sai an manna takardun haruffa. Ga mai rubuta Hausa kuwa, Windows na da tsarin madannan Hausa, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta, duk suna ba da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Ina batun Chromebook?

Tun 2011 Google ya fito da su, kuma kusan don irin wannan aikin aka yi su: suna da sauƙin kuɗi, batir na daɗewa, ba sa yawan kamuwa da cutar kwamfuta. Amma a yi hattara da abu biyu. Kowace na da ranar da za a daina sabunta ta, ana ganin ranar a cikin saituna. Na biyu, da yawa daga makarantun waje suka fito, wasu har yanzu a kulle suke da sunan makarantar. Kafin ka biya, shiga da naka adireshin Gmail a gaban mai shago. Kuma ba ta ɗaukar cikakken Word ko Excel irin na Windows, sai na intanet.

A cikin shago

Kada ka yi gaggawa, ko da ana cewa wani na zuwa ya ɗauka. Kunna ta, kashe, sake kunnawa, ka tabbatar ba ta neman wata kalmar sirri da mai shago bai sani ba. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo ko layi a allo. Kunna hotspot na wayarka, ko layin Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecom, ka ga ta kama. Gwada kyamara, lasifika da duk kafofin USB. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, domin maƙalar murfi na cikin abin da ke fara karyewa.

Daga nan ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da yawan kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai. Wanda ya tare ka a bakin hanya da kwamfuta ba caja, ba rasit, a rabin kuɗi, rabu da shi. Kayan sata na iya kai mai saye ofishin ƴan sanda.

Idan ka kai ta gida, shiga saitin Wi-Fi ka nuna wa Windows cewa datarka ƙidayayya ce, in ba haka ba zai kwashe maka ta wata guda a dare ɗaya da sunan sabuntawa. Ka kuma ware wani abu daga kuɗin don jaka mai laushi da ƴar ma'ajiyar USB da za ka riƙa adana kwafin takardunka. Kundin shekara guda ya fi kwamfutar da aka buga shi a kai tsada.