Hular Turmin Haƙori: Ta Ƙarfe Ko Ta Tangaran?

Idan turmin haƙori ya ruɓe sosai, ko ya tsage, ko an cire masa jijiya, ciko kaɗai ba ya riƙe shi. Likita kan fiƙe shi ya sa masa hula wadda za ta rufe shi ruf har bakin dasashi. A nan ake tambayar majiyyaci: ta ƙarfe yake so ko fara ta tangaran? Yawancin mutane fara suke zaɓa, don kowa na son abin da ya saje da haƙoransa. Sai dai turmi ba don ado aka yi shi ba. Ƙarfin cizon babban mutum a kan turame kan kai nauyin kilo 50 zuwa 70, kuma kullum sai an tauna.

Hular zinariya ita ce tsohuwar hannu. Tun 1907, lokacin da wani likita Ba'amurke, William Taggart, ya yaɗa dabarar zuba narkakkiyar zinariya a gurbin kakin zuma, ake aiki da ita, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wadda ta shekara 30 ko 40 a baki. Ba ta fashewa, ba ta cin haƙorin da ke gugarta, kuma ba sai an fiƙe haƙori da yawa ba kafin ta zauna. Kada a haɗa ta da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi. Wancan kwalliya ce a kan lafiyayyen haƙori, wannan kuwa magani ne. Aibinta tsada da launi. Akwai ƙarafa masu araha da ake haɗawa da kobal ko nikel, su ma suna da juriya, amma jikin wasu, musamman mata, ba ya shiri da nikel.

A farkon shekarun 1960 aka fito da hula mai ƙarfe a ciki, tangaran a waje. Ta yi shekaru tana mulki, kuma har yau da ita ake auna sauran. Matsalarta ita ce tangaran ɗin kan ɓantare, sannan idan dasashi ya ja baya sai baƙin layi ya bayyana.

Ita tangaran zalla iri-iri ce, kuma a nan ake ruɗar mutane. Tsohon samfurin, mai kyan gani kamar gilashi, bai dace da turmi ba sam, don yana saurin tsagewa. Na tsakiya, wanda aka fi sani da sunan kasuwa e.max, ya ninka shi ƙarfi kusan sau huɗu. Sai zirkoniya, wadda ta yaɗu daga shekarun 2000, ta ninka e.max fiye da sau biyu. Wani babban nazari da Irena Sailer da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya nuna cewa bayan shekara biyar, sama da hula 90 cikin 100 na kowane iri suna nan daram, kuma tazarar da ke tsakanin mai ƙarfe a ciki da tangaran na zamani kaɗan ce. To amma shekara biyar ba ta isa awo ba ga abin da ake so ya raka mutum har tsufa. Zirkoniyar da aka lulluɓe da tangaran mai laushi ta fi yawan ɓantarewa. Wadda aka sassaƙa dunƙule guda ta fi aminci a turmi, muddin an goge ta ta yi santsi, domin mai kaushi tana cinye haƙorin da ke fuskantarta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da yawa ba hular ce ke lalacewa ba. Ruɓa ce ke shiga ta bakin hula, inda ta haɗu da haƙori, ko kuma abin da aka liƙa ta da shi ya saki. Hular da ba ta zauna daidai ba, ko da ta zinariya ce, ba ta daɗewa. Haka nan mai tauna ƙashi da ƙanƙara, mai buɗe kwalba da haƙori, da mai cizon haƙora cikin barci, duk suna rage mata kwana.

A ganina, turmin can ƙurya da ba a gani, musamman a bakin mai cizon haƙora, ƙarfe ya fi dacewa da shi. Wanda murmushi ke nunawa kuwa, zirkoniya dunƙule ko e.max za su wadatar. Kafin ka biya kuɗi, tambayi likita ainihin sunan abin da zai sa maka da dalilinsa, sannan ka riƙa tsabtace bakin hular da buroshi ko asuwaki safe da dare, kana komawa a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara.